Ramin Dalma na Bayan Ƙauyenmu

Tun kafin 'yata Ummi ta fara rarrafe nake tsoron ƙasa. Daɓen ɗakinmu a Mpape duk ya farfashe, ita kuwa abin da hannunta ya taɓa, baki zai je. Ana haka ƙanwata ta kira ni, wai masu tifa sun fara ɗibar ƙasa a bakin tsohon ramin dalma na ƙauyenmu, can gaba da Zuba, suna sayar wa magina.

Wallahi sai na ji ƙamshin hayaƙin murhun Kaka Dije. Bayan tuwo mukan zagaye ta, tana gasa mana rogo a toka. Akwai wani ɗan dutse mai walƙiya ƙulle a bakin zaninta. In ta juya shi a hasken wuta sai ɗigon haske ya riƙa yawo a fuskokinmu. Ba ta taɓa bari mun riƙe shi ba.

Ta ce wata mata ce a ramin, idanunta sun sha kwalli, aikinta tattara taurarin da suka faɗo ta binne. Zamanin da maza ke shiga da aci-balbal, har da kakanmu, matar ta yarda su ɗebi irin dutsen nan mai walƙiya su kai wa masu kwalli, amma ƙurarta ba ta shiga gidan kowa. Shi ya sa kowa ke rataye rigar aiki a tsamiyar bakin rami, ya yi wanka a rafi, sannan ya nufi gida. Wani ya yi gaggawa ranar sunan ɗansa, ya tafi da ƙura a jiki, ya rungumi jariri. Yaron ya girma yana kallon sama, bai taɓa magana ba.

"Hankalinsa na can ƙasa, tana masa wasa da taurari," in ji Kaka, sannan ta juyo ta dube ni. "Ke Hadiza, sarkin tsince-tsince, da ke nake."

Daga baya aka daina haƙa, ruwa ya cika ramin, ya yi kore shar. Tsamiyar tana nan.

Sai da na fara zuwa awon ciki na ji malamar asibiti tana cewa ƙurar dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba ta da wari balle a guje ta. Kaka ba ta san wannan ba, wankan ta sani. Masu tifa kuwa ko labarin ba su taɓa ji ba.

Ni ban yi boko mai nisa ba, ban san ofishin da ake zuwa ba. In kun sani, don Allah ku je. A kewaye ramin da waya, a bar shi yadda yake, a kafa allo a rubuta abin da aka haƙa a ciki.