Talatar Da Na Ɓoye Wa Mahaifina

Shekarun baya kaɗan, a shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako a gidanmu a Gumel, mahaifina ya dawo daga Kano da wani ɗan littafi a aljihu. Jadawalin jiragen sama ne, irin wanda ake bayarwa a ofishin sayar da tikiti. Tun kafin ya cire takalmi ya miƙo mini.

"Uwata, riƙe. Ke ce direba."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Mahaifina malamin labarin ƙasa ne, a lokacin shi ne hedimasta a wata firamare a Sule Tankarkar. Kusan shekara talatin yana koya wa yara cewa tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina, a yankin da ko kogi babu. Ruwa yake zubawa a tire, ya dasa curin laka a tsakiya, ya ce to ga shi. Ya sauke farali tuntuni, ya hango teku ta tagar jirgi, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka tsibiri ba. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka biya su na baya, wasu suka sayi babur, wasu rediyo. Shi kuwa ya ce hutun makaranta na sati uku zai je ya ga tsibirai huɗu: Zanzibar, Komoro, Madagaska da Moris. Mahaifiyata ta ce ita ko a mafarki. Sai rakiya ta faɗo kaina.

Baffana, ƙanin mahaifina, dillalin shanu ne a Maigatari. Da labari ya kai masa, washegarin kasuwa sai ga shi.

"Yaya, mutum da hankalinsa ya biya kuɗi don ruwa ya kewaye shi? Bari damina ta faɗi in tsayar da kai kan tudu a fadama, kyauta."

"Kai dai duniyarka a kara ta fara, a kara ta ƙare," in ji mahaifina.

Amma baffan ne ya gane kan abin. Da na karanta musu cewa tsakanin tsibiran ba kullum jirgi ke tashi ba, sai ya buga cinya.

"Ashe jirgin ma ɗan kasuwa ne! Kowane gari da ranarsa. In Alhamis ta Maigatari ta wuce ka, sai ka kwana bakwai kana kallon rumfuna."

Daga nan kullum bayan la'asar a ƙarshen mako, mahaifina zai jera kwanoni huɗu a kan tabarma, kowane kwano tsibiri, tsinken tsintsiya kuma jirgi. Ni ina karanta ranaku, shi yana matsar da tsinke. Mahaifiyata ta yi ta mita wai an kwashe mata kwanonin miya an tafi da su Madagaska. Bai taɓa karɓar littafin ya duba da kansa ba. Ni kuwa sai fasa kai nake, ina cewa Baba ya yarda da Turancina.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne tsoro. Ina 'yar shekara bakwai na faɗa kududdufi a Gagarawa, wajen goggona, da gashi aka jawo ni. Tun daga ranar, ko a baho ba na iya sunkuya fuska in rufe ido. Kun ga 'yar rakiyar da aka zaɓa wa mai zuwa teku.

Babban jirgin da zai ɗauke mu daga Kano bai dame ni sosai ba. Sai da na buɗe shafin ƙarshe na ga hoton wanda ke zirga-zirga tsakanin tsibiran: ɗan ƙarami mai farfela biyu, bai fi motar kasuwa ba. A ƙasan hoton an rubuta cewa akwai rigar ruwa mai hana nutsewa a ƙarƙashin kowace kujera. Na ce a raina, wanda ya tanadi rigar ruwa ai ya san abin da ya sani. Abinci ya daina shiga. In na rufe ido sai in ga ruwa kore ya rufe taga.

Da na ce, "Baba, tsoro nake ji," da shi ke nan. Da ya yi mini dariya, ya nemi wani ya raka shi. Amma 'yar boko ce ni, gari duk an san zan hau jirgi, ƙawayena har sun ba ni sautu. Kunya ta hana ni.

Jirgin Komoro zuwa Madagaska sau biyu yake tashi a mako, Talata da Asabar. Mu kuma ranar Lahadi za mu sauka Komoro. Da Talata komai ya zauna daidai. Ranar da muka zo kan wannan gaɓar, mahaifina ya ɗaga tsinke daga kwano na biyu ya ce, "To, direba, yaushe?"

Na dubi Talatar nan ƙuru-ƙuru na ce, "Asabar kaɗai."

"Asabar kaɗai? Duba da kyau, uwata."

"Na duba, Baba."

Ya ƙirga da yatsu. Kwana shida a wuri ɗaya, jirgin gaba ya wuce mu, na dawowa ma haka, makaranta ta buɗe hedimasta yana tsakiyar teku. Mutum ne da bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Ya juya kwanonin, ya fara daga Moris. Ya cire ɗaya, ya mayar. Duk hanyar da ya ɓullo sai in toshe ta, don ƙarya ɗaya ba ta tsayuwa sai da 'yan'uwanta. Har aka kira magariba yana tsugune.

Daga ƙarshe ya tattara kwanonin ya miƙa wa mahaifiyata.

"Ga kayanki. Baɗi in Allah ya kai mu na yi ritaya, ba mai jirana."

Na lura mahaifiyata ta tsaya tana dubansa, ba ta karɓa da wuri ba. Ban kawo komai a raina ba. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Kafin baɗin ta zo, mahaifina ya fara tuntuɓe da buta a tsakar gida. Sai ya fara miƙa hannu gefen da mutum ba ya nan. Watanni kaɗan, sai da sanda. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce ta tafi.

Wata rana muna tsince shinkafa na ce, "Inna, abin nan ya zo wa Baba farat ɗaya."

Ta ce, "Wane farat ɗaya? Ranar da ya kawo miki littafin nan, daga asibiti yake. An gaya masa saura kaɗan ganinsa ya tafi. Ya ce kada in faɗa muku. Kin zaci don me ya ba ki karatu? Rubutun ya riga ya fi ƙarfin idonsa."

Faranti ya suɓuce mini. Ta yi mini faɗan ɓarnar shinkafa, na bar ta a haka.

Bayan ya yi ritaya, ya kan zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida. Wata la'asar ya ce in ɗauko littafin nan in karanta masa, ko a kunne ya yi tafiyar. Na ɗauko. Shi ne dai, har da tabon manja a bango. Ina karantawa yana gyaɗa kai, yana faɗin wasu ranakun kafin in kai, don ya haddace. Hankalina ya tafi kan fuskarsa, bakina kuma ya karanta abin da ke rubuce.

"Komoro zuwa Madagaska, Talata da Asabar."

Kansa ya tsaya.

"Talata?"

Ya miƙo hannu ya shafa littafin, babban yatsansa ya bi gefen shafin da ya lanƙwashe tun bara. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya saki.

"Ashe sun ƙara jirgi," ya ce. "Madalla. Masu zuwa sun huta. Ci gaba, uwata."

Na ci gaba. Ban san yadda na kai ƙarshen shafin ba.

Maganar ba ta sake tashi ba har yau. Sau biyu na durƙusa gabansa da niyyar faɗa, sau biyun yana jin yadda na ce "Baba" sai ya tambaye ni ko an ba akuya ruwa. Na gane ya rufe ƙofar ne da kansa, don kada in shiga in ji kunya. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ba tsoron nake zargin kaina da shi ba. Tsoro halitta ne, har gobe ba na son ruwa. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutum ya ara idona ne don nasa sun gaza, ni kuma na yi masa gani na ƙarya. In wani ya ba ka takarda ya ce karanta mini, ba Turancinka yake gwadawa ba.

Yana nan da ransa, alhamdu lillahi, har yana tsokanar baffa wai shi ma yanzu ya zama tsibiri, duhu ya kewaye shi ta ko'ina. Lokaci-lokaci yakan ce in ɗauko littafin. Nakan karanta Zanzibar lafiya lau. Da na iso Komoro kuwa, sai ya riga ni, a hankali, kamar mai taya yaro karatu:

"Talata da Asabar."