Bajamushiyar da Ta Yi Mana Lacca a Falo

Na fara ganinta ne a ɗakin shan shayi na gidan kula da tsofaffin da nake aiki a garin Landover na Amurka, lokacin da muke fafutukar kafa ƙungiyar ƙwadago. Doguwa ce, gashi a guntule. Aka ce mana Bajamushiya ce, masaniyar zamantakewa, ta zo wata jami'a a Washington na ɗan lokaci tana binciken yadda ma'aikata ke zama da iyayen gidansu. Ta tambaye ni, idan an ɓata min rai a wurin aiki, wa nake kai wa kuka. Na ce Allah. Ta duƙa ta rubuta. Dariya ta kama ni har na ƙware da shayi, ita ma ta ajiye biro ta taya ni.

Ba a jima ba ta zama 'yar gida, duk Lahadi tana wurinmu a Hyattsville. A bakin tuwo muka ji tarihinta. Mahaifinta ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, wakilin 'yan uwansa, domin a can ma'aikata suna da kujera a teburin da ake yanke shawara. A kan haka ta yi digirin dakta. Daga nan sai aikin kwantiragi, yau wannan jami'a, gobe waccan. Kuma a ƙasarsu sai ka sake rubuta wani littafi da ya fi na farko girma kafin ka nemi kujerar farfesa. Ta rubuta, ta haura arba'in, har lokacin ba ta da mazauni.

Surukata Hajiya, da ta zo mana daga Kano, ta saurari fassarata ta riƙe haɓa.

"Wato mutum ya yi sauka, a ce ya koma ya ɗauki allo? Ki ce wa Malama mutanensu ba su da tausayi."

Ana nan sai wata jami'a a Jamus ta kira ta ta je ta yi laccar gwaji a gaban kwamiti. Ta zo mana ta ce tana neman waɗanda za ta gwada a gabansu. Maigidana ya ce ga falo, ga mutane. Sai ta ce ai da Jamusanci za ta yi.

"To sai me?" in ji shi. "Kwamitin ma kin tabbata za su gane?"

Ranar Asabar bayan la'asar muka jera kujeru. Hajiya ta yafa mayafinta na zuwa biki. Maƙwabciyarmu, wata 'yar Kumasi mai sayar da atamfa, ta zo da mafici. Malama ta tsaya a gaban talabijin ta fara. Ko kalma ɗaya ba mu ji ba. Duk inda ta ja numfashi sai Hajiya ta ce "Na'am," kamar a wurin tafsiri. 'Yar Kumasi ta ɓarke da tafi a tsakiyar jimla. Ni kuwa na cije gefen ɗankwali don kada in fashe.

Da aka zo tambayoyi, maigida ya ɗaga hannu, ya gyara murya, ya zuba wata doguwar tambaya da Hausa a kan tsadar daddawa a Amurka. Malama ta gyaɗa kai, ba ko murmushi, ta ba shi amsa da Jamusanci har tana ƙirga dalilai da yatsu. Nan fa na sulale daga kujera. Hajiya tana share hawaye tana cewa, "Ta kayar da kai, wallahi ta kayar da kai!"

Ta tafi, ta yi laccarta, ta dawo, sai jira. Bazara ta wuce, ganye ya zube, shiru. Muka daina tambaya.

Wata ranar Juma'a na raka ta shagon kayan miya na 'yan Afirka a Landover, tana so ta koyi zaɓen busasshen kifi. Tana riƙe da wani tana shinshinawa wayarta ta yi ƙara. Ta yi magana kaɗan, fuskarta ta yi ja, ta dube ni da kifin a hannu.

"Sun ba ni."

Ban san sanda na toshe hanci na rangaɗa guɗa ba. Mai shago ya fito daga bayan kanta a guje yana tambayar wa ya haihu. Na ce farfesa aka haifa. Wasu mata biyu da ba mu taɓa gani ba suka ajiye kwandunansu suka rungume ta, ɗaya tana rawa da doya a hannu. A mota muka yi ta ihu, tana waƙa da yarensu ina amshi da abin da ya zo bakina, har na wuce mararrabarmu. Sai da na ga allon garin Upper Marlboro na gane gida yana can baya.

Hajiya ta yi mata addu'a mai tsawo, ta ce sai an yi walima. Aka yi, da waina da miyar taushe.

Ta koma ƙasarsu ta kama kujerarta. Littafinta na gaba a kan masu aikin jinya ne irinmu, daga baya ta shugabanci sashensu. Mu ma ƙungiyarmu ta kafu, da ƙyar.

Bayan shekaru ta dawo Washington wani taro, gashinta ya fara furfura. Ta gudu daga liyafar manya ta taho gidanmu da ɗalibanta biyu masu karatun digirin dakta. Ni na je na ɗauko su. A mota sai rusuna mata suke yi, ko tari ba sa yi sai sun nemi afuwa. Muna isa ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta wuce kicin kai tsaye ta buɗe tukunya. Ɗaliban suka tsaya cirko-cirko a falo da jakunkunansu a hannu, sai da na ce su zauna.