Ɗumamen Auta

Mun tashi daga Jos da asubar Alhamis ana yayyafi, mu uku: ni, da mai ɗakina, da wani abokina, dattijo a majami'armu, wanda ya ba da motarsa ya ce kuma shi zai ja. Na gaya wa mutane zan je Zariya gaishe da yayata. Ba ƙarya na yi ba, sai dai akwai sauran magana, yau kuwa zan faɗe ta.

A damtsena na hagu akwai laya. A Birnin Zazzau aka haife ni, gidan malamai, na iya Ajami tun ban san akwai wani rubutu wai shi boko ba. Da na ba da gaskiya ga Almasihu ina ɗan shekara ashirin, zaman gida ya gagara. Ranar da zan fita, Inna ta biyo ni zaure, ta ɗaura mini layar nan, ta ce, "Auta, kada ka raba ta da jikinka." Shekara arba'in da shida ke nan. Da ita aka yi mini baftisma, a ƙarƙashin riga. Da ita na yi aure. Na sauya mata igiya ban san sau nawa ba. Duk ranar da na yi niyyar cire ta, sai zuciyata ta ce, in ka cire, wani abu zai sami 'ya'yanka.

Lahadin da ta gabaci tafiyar ina koyar da masu shirin baftisma. Ina gaya musu cewa mai bin Almasihu na gaske ba ya riƙe Ubangiji da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana lalube a wani wuri, kuma wanda ya zauna cikin maganarsa gaskiya za ta kwance shi. Sai wata mata mai tuyar ƙosai ta ciro guru daga jakarta ta ajiye a kan tebur. Ta ce, "Baba, kai ma da ka rabu da naka ka ji tsoro haka?" Na ce mata Allah shi ne mai taimako, na juya shafi. Ta gamsu, ni kuwa na san abin da na yi. Wata Lahadin na zuwa, ko dai in tsaya gabanta da damtse ba komai, ko in miƙa ajin ga wani. Layar kuwa kayan Inna ce, ban ga dacewar in taɓa ta a bayan idon yayata ba, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga ranar.

Gari ya waye mana wajen Jengre, gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsu kamar an shanya auduga. Hanya kuwa sai addu'a. Abokina ya ce ya san ramukanta ɗaya bayan ɗaya kamar maƙwabtansa, har yana lura da waɗanda suka ƙara ƙiba daga bara zuwa bana. A Saminaka muka tsaya sayen gasasshiyar masara, uku ɗari biyar. Mai ɗakina ta tsaya ciniki har sai da aka ƙara mata ta huɗu, wadda daga baya muka ba wani mai shinge da ya tambaye mu ko mun zo masa da tsaraba.

Bayan Pambegua gyangyaɗi ya ɗauke ni. Gonaki kore shar a dama da hagu, iska tana kaɗa su. Tsakanin barci da ido biyu na ga Inna tana tafe cikin masara da akushi a ka, ba ta sauri, mota na gudu amma ba mu wuce ta ba. Ba ta dube ni ba. Na farka na tarar hannuna na dama yana kan layar, mai ɗakina tana kallona ta madubi. Shekara arba'in tana wanke rigunana, ta san abin da ke ƙarƙashinsu, sau ɗaya tak ta taɓa yi mini maganar.

Kafin azahar muka ratsa Tudun Wada muka shiga ta Ƙofar Doka. Ganuwa tana nan, ruwan shekaru ya cinye kafaɗunta, ciyawa ta rufe ta, awaki na kiwo a kai. Rimayen da na sani sun ragu, amma waɗanda suka rage suna tsaye, shirwa na kewaya su kamar jiya na bar ta. Muka ajiye mota inda lungu ya ƙi ta, abokina ya ce zai wuce wurin danginsa a gindin dutsen Kufena, ya dawo da safe. Muka taka da ƙafa. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da daddawa, da hayaƙin itace. A zauruka masu ɗinkin riga sun duƙufa, allura na shiga na fita ba wanda ke kallon agogo. Wani tsoho ya ɗaga kai ya daɗe yana dubana, ya ce, "Kamar jinin gidan Malam." Na ce shi ne. Ya ce, "To, sannu da zuwa," ya koma kan zarensa.

Na sha zuwa gidanmu, amma gaisuwar rasuwa kawai ke kawo ni. In tsaya a zaure, in sha ruwa, in juya. Ko rasuwar Inna haka na yi. Wannan karo na yi sallama na ratsa har tsakar gida. Yayata, Hajiya, ta haura saba'in, tana zaune kan tabarma tana tsince wake.

"Ikon Allah. Auta ya gane hanyar cikin gida," in ji ta. Ta dubi mai ɗakina. "Amaryarmu, ke kika kamo shi?"

"Shi ya kamo kansa, Yaya."

Bayan gaisuwa na naɗe hannun riga. Ta matso da fuskarta, ta taɓa fatar da ta yi baƙi ƙirin da gumi.

"Wannan ba ita ce ta Inna ba? Na ɗauka tun a tasha ka yar da ita."

"Tsoro nake ji, Yaya. Ban san abin da aka rubuta a ciki ba."

"Kai da ka bi addinin da ka ce ya raba ka da tsoro?"

Ba ta faɗa da zafi ba, amma ta shige ni. Ta laluba ƙarƙashin tabarma ta miƙo mini reza. Ta ce, "Kai ka ɗauke ta, kai za ka buɗe."

Na yi addu'a cikin sunan Yesu, gajeruwa. Ɗinkin dukawan dā ba wasa ba, sai da na yi gumi kafin fata ta buɗe. A ciki zare ne aka naɗe, cikin zaren kuma takarda, an ninke ta ta koma kamar ƙwayar gyaɗa. Na warware a hankali. Tawada ta koɗe amma tana karantuwa. Baƙaƙe ne manya, karkatattu, na yaron da bai saba da alƙalami ba. Na gane hannun kafin in gane maganar. Ga abin da ke rubuce da Ajami: "Wannan ɗumamen Auta ne. Wanda ya taɓa, Allah ya gani."

Ni na rubuta, ina ɗan shekara takwas, na ɗora a kan murfin tukunya.

Hajiya ta yi dariya har wake ya zube. Ta ce, "Ni ce na cinye ɗumamen nan, Allah ya yafe mini." Da ta share ido sai ta ba ni labarin. Baba ya ƙi rubuta mini addu'a, ba kuma malamin da zai saɓa masa a unguwa. Inna ba ta iya karatu ba, ta buɗe adudunta ta ɗauko rubutu ɗaya da ta mallaka, ta kai wa baduku. Baduku ya karanta ya ce mata ai wannan ba addu'a ba ce, maganar tuwo ce. Ta ce ta sani, ya ɗinka haka nan, don duk inda yaron ya je ya san ana ajiye masa ɗumame a gidan nan.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ka taɓa tambaya? Kana zuwa ka tsaya a zaure kamar mai karɓar haraji."

Na zauna da takarda a tafin hannu, inuwar darbejiya tana yawo a bango, ana kiran sallar la'asar daga masallatai, wannan na ɗauka wancan na ajiyewa. A gidan muka kwana. Da safe Hajiya da kanta ta kawo ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, ta ajiye a gabana, ta ce ba wanda ya taɓa. Na ci ina hawaye, na kuma nemi ƙari.

Na so in taho da takardar in sa a cikin littafin addu'ata. Mai ɗakina ta ce, "Malam, a kula, kada a sake ɗinka wata layar." Ta yi gaskiya. Na bar wa Hajiya ta mayar cikin adudun Inna, na taho da fatar kawai. Juma'a da yamma muka shiga Jos lafiya, 'ya'yana da jikokina kowa ƙalau.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa. Inna ƙauna ta ɗaura mini, ni na mai da ita marin ɗaure fursuna, domin na gwammace in ji tsoron abu da in buɗe shi a gaban Ubangiji. Na koyar da 'yanci shekara da shekaru ina ɗaure, na kuma hana kaina uwa da gida a banza. Bangaskiyar da ke da ɓoyayyen aljihu ba ta cika ba, kuma almajirin Almasihu ba ya gama koyo don ya yi furfura.

Ranar Lahadi na ajiye fatar a kan tebur, inda matar nan ta ajiye gurunta. Na naɗe hannun riga, kowa ya ga farin zobe a damtsena inda rana ba ta taɓa gani ba. Na ce mata, "'Yata, kin yi mini tambaya na kauce. Na ji tsoro, har na fi ki. Kin riga ni da kwana huɗu."