Hanyar Tseren Motoci a Gindin Rumbu

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma na iya karatun ƙafar namiji. A shekarun farin nan, duk namijin da kinka ga ya zauna yana gyaran takalmi, tafiya za shi yi, kuma ba lalle ya yi sallama ba. Haka maƙwabcinmu ya yi. Haka babban ɗanmu ya yi, ya bar muna jikoki biyu marasa uwa, mace da ƙanenta. Ba mugunta ke korarsu ba, kunya ce. Namiji ba ya iya kallon rumbu wayam, ga yara na kallonshi.

Muna zaune a ƙauyenmu kusa da Turba. Damina biyu ke nan ruwa na ɗaukewa gero bai kai ga ido ba. Gulbi ya koma yashi, sai an tona rami a jira ruwa ya tsatso. Abincinmu anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu.

Wata safiya Malam, mai gidana, ya ciro tsohon takalminshi na taya daga saman ɗaki. Ya sa mishi sabuwar maɗauri, ya rataye shi bayan ƙofa. Ni ba mai yawan magana ba ce, ido nake sawa.

A makon nan ne ƙaramin jikan ya tsinto gwangwanayen kifi guda biyu a bakin hanyar garin Isa. Malam ya juya su a hannu, sai ga shi yana magana, shi da ya kwana biyu ba a jin bakinshi. Ya ce lokacin da yake yaron mota ya taɓa gani a wani kanti a Maraɗi: 'yan motoci ƙanana suna tsere da lantarki, kowace da ɗan kwarinta a kan hanya, tana bin shi ba ta kaucewa.

Jikanyar, wadda ke kiranshi angonta don wasan jika da kaka, ta ce, "Ƙarya ta, ango. In gaskiya ta, yi muna mu gani."

Ya ce, "Za ni yi muku, kafin..."

Yara ba su ji wannan "kafin" ɗin ba. Ni na ji ta.

Ya tara ƙasa a gindin rumbu, ya yi gangare har zuwa turken awaki, inda babu akuya ko ɗaya. Taki goma sha biyu ne. Sannan ya zo ya tsaya kusa da randa yana sosa ƙeya.

Na ce, "Ruwan da na kwana biyu ina jira a rami za ka ba ƙasa ta sha?"

"Ko kaɗan, tsohuwa."

"Ko ɗigo."

Amma na miƙa mishi ƙwaryar ruwan anza, wanda ko jaki ba ya sha. Ya kwaɓa ƙasa, ya shafe gangaren da tafin hannu yadda maza ke yaɓen bango, ya ja layi biyu da ɗan yatsa. Gwangwanayen kuwa ya mai da su motoci, ya yi musu ƙafafu da marfin kwalba, ya soka ƙusa a cikin kowace don ta shiga kwarin ta riƙe hanya.

Kwana ɗaya rana ta gama da aikin. Hanya ta tsattsage kamar dugadugaina. Anka saki mota, ta yi taki uku ƙusa ta maƙale.

Yarinyar ta ce, "Direba, motarka ta kwana a daji."

Ya yi dariya kaɗan, amma na ga inda idonshi ya tafi. Bayan ƙofa ya tafi.

Na aje muciya na ce, "Wa ya gaya maka ana yaɓe ƙasa? Bango ake yaɓewa. Abin da za a taka, daɓe ake yi mishi."

"Daɓe ai aikin mata na."

"To ni da ke tsaye gabanka, rumbu ta?"

Duk macen da ta tashi a ƙasarmu ta san daɓe. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta duka da madaɓi har ƙasa ta haɗe, sannan a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ta yi ƙarfi ta yi sheƙi. Ɗaki guda, in mata sunka taru, kwana uku ya ishe shi. Wannan 'yar hanya yini biyu ce. Ni kuwa na ƙudura a raina ba za ta ƙare da wuri ba, don na san Malam: bai taɓa barin aiki rabi ba, ko kunyar gona ce.

Na aike shi ɗebo tsakuwa a bayan gari, a ka, tunda jakinmu ya mutu. Da ya kawo na ce ta yi gari da yawa, a tankaɗe. Da anka tankaɗe na ce ta yi kaɗan. Na ciro ɗan ɓawon ɗorawa da na ɓoye tun shekarun ƙoshi, na ce sai ya kwana bakwai a jiƙe. Wajen kwarin kuma, munka shimfiɗa kyauro, siririn karan da ake kibiya da shi, layi biyu cikin ɗanyen daɓe, don in an ɗaga a bar gurbi miƙaƙƙe. Malam ya ja igiya ya gwada, ya ce ya yi. Na rufe ido ɗaya na duba na ce na dama ya karkace. Anka tone, anka sake.

Kowace asuba, kafin in duba randa, sai na leƙa bayan ƙofa.

Mata masu wucewa sunka fara magana. Wata ta leƙo ta kan darni ta ce, "Iya, mutane na neman abin kaiwa baki, ku kuna gina wa gwangwani hanya?"

Na ce, "Ƙasarki munka ɗiba ko ruwanki?"

Abin da ban zata ba, ni ma aikin ya shiga raina. Ana daɓe da waƙa, mu ba mu da ƙarfin waƙa, sai dai yaran na ƙirga dukan madaɓi. In gwiwata ta gaji, Malam ya kan karɓa, bayan ya duba ko wani namiji na gani. Dukanshi ba kyau, yana barin rami. Ban raga mishi ba.

Duk dabarata, ranar ta zo. Daɓe ya bushe, ya yi ja ya yi sheƙi, ba tsaga ko ɗaya. Anka jera motoci biyu a sama, kowace da 'yar tsakuwa a ciki don nauyi, sanda guda ta tare gabansu. Malam ya ɗaga sanda. Sunka taho da ƙara, amma hanyar ta yi santsi, marfin kwalba ba ya kama ta. Ta yaron ta yi tsalle ta kife, ta yarinyar ta juya gefe.

Malam ya duƙa ya duba ya ce, "Hanya ta yi. Ƙafafun mota na ba su yi ba."

Hanya ta yi. Ba ni da sauran abin da za ni ce ya karkace.

Ya miƙe ya shiga ɗaki. Da ya fito, takalmin na hannunshi. Na dafa rumbu. Ya zauna kan turmi, ya ɗora takalmin a cinya, ya ce da yarinyar, "Amarya, miƙo mini wuƙar kakarki."

Taya ba ta yankuwa da sauƙi. Tun azahar yake fama har la'asar sakaliya, yana wasa wuƙa a dutse yana komawa. Ƙafa takwas ya fitar, ya huda kowace da ƙusa mai zafi. Abin da ya rage na takalmin ko kaza ba ta takawa.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Tsohuwa, uwata ma ta yi daɓe. Ban taɓa ganin makubar da ke kwana bakwai ba."

Na ce, "Ta shekarar fari daban ta."

Ya ce, "Haka na gani."

Ni anka ba sanda wannan karon, wai don ba ni da son kai. Na ɗaga. Motocin sunka sauka shiru, kafaɗa da kafaɗa, kowace cikin kwarinta, har turken awaki. Ta yarinyar ta riga da kamar faɗin yatsa. Yaron ya ce Kaka ta karkata sanda, na ce ya zo ya faɗa kusa da ni. Anka sake. Sun yi ta sakewa har anka kira magariba.

Sauran ranin nan Malam da ƙafa tsirara ya yi shi, zuwa ramin ruwa da zuwa dajin anza. Ƙasa kuwa da zafi, ga ƙaya. Ina da ɗan man kaɗanya a kasko da nake ɓoyo ban san don mi ba. Kullum da yamma sai in ce ya miƙo ƙafar, ina shafawa ina mishi faɗa a kan mutum da girmanshi ya yanka takalmi saboda gwangwani.