Tub Biyu a Jikin Ƙusa

Sanyi ne ya fara shigowa ta ƙofar kwantenar da yake aikin faci a ciki, Orozali ya miƙa hannu ya sauke tsohuwar kwat ɗinsa daga jikin ƙusa, sai ya ga abin da ta rufe. Tub ɗin taya biyu ne sababbi fil, a naɗe, ɗaure da igiyar da shi da kansa ya ɗaure su da ita. Ya tsaya da kwat a hannu yana kallon su. Wurinsu a ƙarƙashin kujerar motar ɗansa Tinarbek yake, motar kuwa tun shekaranjiya ta hau dutse. A waje dusar ƙanƙara ta fara sauka, 'yar ƙarama, irin wadda ba ta saurin ɗaukewa.

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, kwat ɗin a kan cinyarsa, ya manta da sanyin.

Tinarbek ya tafi jailo ne, makiyayar kan duwatsu, can bayan mashigin dutsen Karabel, inda iyayen matarsa Nasipa suke kiwon shanun yak duk bazara. Nasipa ta yi watanni a wurinsu da jaririyarta, yanzu kuma tsofaffin za su kora garke zuwa wani kwari su yi hunturu, shi kuma ya sauko da iyalinsa garinsu Murgab kafin hanya ta rufe. Ran tafiyar da safe an tsaya a ƙofar gida, aka ɗaga hannu, Orozali ya yi addu'a aka shafa. Matarsa Burulkan ta cusa wa ɗanta ƙullin gurasa ta taga. Motar ta kai ƙarshen layi sai ta ci birki. Tinarbek ya leƙo da kai yana faɗar wani abu, iska ta kwashe maganar.

"Ya yi mantuwa," in ji Burulkan. "Baban Tinar, kada ka bar shi ya juyo! An riga an shafa."

Nan garin wanda aka yi wa addu'ar tafiya ba ya komowa ƙofa, ko me ya manta, don kada hanyarsa ta ɓaci. Orozali bai taɓa tambayar dalili ba, haka ya ga ubansa yana yi. Ya ɗauka fulas ɗin shayi ne ko safar hannu. Ya ɗaga hannu biyu yana kora shi gaba, kamar mai korar tumaki. Tinarbek ya ɗan jima a tsaye, sannan ya danna ham ya tafi.

Orozali a Murgab aka haife shi, kuma in ban da hanya bai zauna ko'ina ba. Da ƙuruciyarsa babbar mota yake tuƙawa tsakanin garuruwan Osh da Horog, zamanin da gwamnatin Sobiyet take aiko musu da gari da gawayi. Da ƙasar ta watse motocin suka mutu ɗaya bayan ɗaya a bakin titi, shi kuma ƙirjinsa ya fara yi masa ƙara in ya hau tudu. Ya sami rabin kwantena a kasuwa, tsakanin mai walda da mai sayar da busasshen cuku, ya zama mai faci. Tun daga nan aikinsa ke nan. Ya san tayar kowace mota ƙirar Uwaz a garin kamar yadda ungozoma ta san 'ya'yan unguwa. In taya ta suɗe sai ya gasa wuƙa a wuta ya sake fitar mata da zane. In gefenta ya tsage sai ya yanko ɓangaren wata matacciya ya liƙa ta ciki, ya ɗaure da kusoshi. Yatsunsa sun daɗe da daina miƙewa sosai, kuma da sanyi fatar hannunsa takan tsattsage, baƙin roba ya shige ciki ya ƙi fita. Ba ya ƙorafi, amma 'yan shekarun nan in aka gangaro masa da taya da sassafe yakan tsaya ya dube ta tukuna, ya sauke numfashi, kafin ya ɗauki liba, ƙarfen ɓanɓare taya.

Wannan gajiyar ce ta sa ya yarda da sababbin tayoyin. Tinarbek ne ya sayo su wurin wani direban babbar mota da ya ƙetaro daga Sin. Faɗaɗa ne, haƙoransu kamar na zarto, kuma marasa tub.

"Baba, duba nan," in ji shi, yana bubbuga ɗaya da tafin hannu. "Ka huta. Waɗancan tsofaffin faci ya fi roba yawa a jikinsu."

"Waɗancan tsofaffin su suka kai ka ɗaurin aurenka suka dawo da kai."

"Sau nawa muka tsaya a hanya ran nan? Amarya har ta fara tunanin na fasa."

"Ka sa wa jaki takalmin doki, ka ce ka yi mota."

"To ai jakin naka ne, Baba. Ni aro nake."

Orozali ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi a bakin aiki ba. Ya san aibin irin waɗannan tayoyi, ya gan shi a motocin baƙi masu yawon ganin duwatsu. A cikin dusar ƙanƙara dole direba ya rage iska don taya ta baje ta kama ƙasa. Mai tub tana jure wannan. Marar tub kuwa in ta yi laushi, dutse ya doke ta a gefe, sai leɓenta ya saki ƙarfen wili, iskar ta fice gaba ɗaya. Daga nan ko mutum zai kwana yana buga famfon hannu ba za ta tashi ba, sai injin iska, injin kuwa a kwantena yake. Maganin abin shi ne a zura mata tub a ciki. Shi ya sa ya ce sai an tafi da guda biyu, ya sa aka kawo su daga Horog, ya naɗe, ya rataye inda ba za a manta ba. Sannan wata rana da zafin aiki ya cire kwat ya rataye a kai.

Safaya ɗaya ce a motar. Hanyar Karabel kuwa gefen dutse take bi, a karkace, duwatsu masu kaifi a ƙarƙashin ƙanƙara.

Ya rufe kwantenar da rana tsaka ya nufi gida da tub ɗin a hammata. Burulkan tana zuba busasshen kashin yak a murhu. Ta dubi abin da ya riƙo, ta dubi fuskarsa.

"Mene ne wannan?"

"Abin da ya manta."

Ba ta san aikin taya ba, amma ta zauna da mai faci tsawon rayuwarta. Ta goge hannu a jikin siket ɗinta a hankali.

"Wataƙila sun ga hadari sun zauna a jailo."

"An riga an naɗe tantuna. Sun ce ran da ya iso za su kora garke."

"Wataƙila babu abin da ya sami tayar."

"Wataƙila."

"Ni na ce kada ya juyo," in ji ta, murya ƙasa ƙasa.

"Ni na ɗaga hannu. Zuba mini shayi, zan je wurin Mamatkul."

Ya sha shayin mai gishiri da man shanu a tsaye. Waya ba ta aiki bayan Karabel, amma duk da haka Burulkan ta ɗauko tata tana kira, tana sauraron muryar matar da ke cewa ba a samun layin.

Mamatkul abokinsa ne tun zamanin manyan motoci, kuma shi kaɗai ya rage a cikin tsofaffin direbobi da bai ajiye sitiyari ba. Orozali ya same shi a ƙarƙashin Uwaz ɗinsa yana zagin wani noti.

"A'a, likitan taya da kansa!" in ji Mamatkul, ya leƙo. "Yau asibiti ce take bin marasa lafiya gida?"

Orozali ya faɗa masa a taƙaice. Mamatkul ya fito daga ƙarƙashin motar, ya zauna a ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi wajen duwatsun, waɗanda tuni suka ɓace cikin fari.

"Da jaririya a ciki?"

"Da ita."

"Kai, kun cika neman magana, kai da ɗanka. Tayar 'yan birni a Karabel." Ya tofar da yawu. "Zan je. Amma dubi ƙafafun tsohuwar nan tukuna. Sun fi kanka santsi."

Ba sai Orozali ya duba ba. Shi ya sake musu zane har sau biyu, na baya ma zare ya fara nunawa. Ba za su hau ko tudun bayan kasuwa ba a wannan yanayi.

"Tsofaffin tayoyin Tinar suna nan," in ji shi. "Da sauran ƙarfinsu."

"Ina?"

"Kan rufin gidana."

Mamatkul ya ƙyalƙyale da dariya har da tari, sannan ya ga fuskar abokinsa ya daina.

Duk gidan da ke Murgab da tayoyi a kan rufinsa, don iskar garin ba ta barin kwano ya zauna lafiya. Da aka cire na Tinarbek, Burulkan ta sa aka ɗora uku a sama, ta huɗun kuwa ta sa Orozali ya raba ta biyu ta zama kwamin tumaki. Ya jingina tsani ya hau. Kwanon ya yi santsi, dole ya bi da rarrafe, ƙirjinsa yana fito. Ruwan da ya taru a cikin tayoyin ya daskare. Ya turo su ɗaya bayan ɗaya suka faɗo tsakar gida, ya kwanta a kan rufin ya huta kafin ya iya sauka. Burulkan tana riƙe da tsanin.

Sauran yinin a kwantena ya ƙare. Wuta ta ɗauke, injin iska ya tsaya, sai famfon ƙafa. Ya farfasa ƙanƙarar da guduma, ya kai tayoyin kusa da murhu har robar ta saki. Ya bi cikin kowace da tafin hannu yana laluben tsaga ko ƙusa. Ɗaya tsohon facinta ya ɗago, ya kankare, ya shafa gam, ya danne. Ya zaɓi mai dama dama cikin na Mamatkul ta cike ta huɗu, ya ce a sa ta gaba, ɓangaren da zai bi jikin dutse in ana hawa. Liba ta suɓuce ta fasa masa babban yatsa, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Mamatkul yana taka famfo yana mita.

"Shekara nawa nake gaya maka ka sayi janareta?"

"Taka dai."

"Ina takawa. Ka ga na yi kama da mai rawa?"

"Ya isa. Kada ta cika." Orozali ya danna gefen tayar da gwiwa, ya saki iska kaɗan, ya sake dannawa. "In ka wuce gada ka ƙara ragewa. Sarƙar tayoyin baya kawai nake da ita, kada ka ɗaura sai ka ga taya ta fara juyawa a banza."

"Ni kake koya wa Karabel?"

"Ban da wanda zan gaya wa sai kai."

Washegari da hantsi surukin Mamatkul, wani ƙato mai suna Jumabai, ya zo da shebur biyu da jarkokin mai. Burulkan ta kawo barguna da fulas da madarar gwangwani. Orozali ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera kayan aiki a kai, tub ɗin da liba da jak da famfo da gam, ya sa Jumabai ya ɗauka ɗaya ɗaya yana kallo har suka shiga mota. Sannan ya kama murfin ƙofa zai hau.

"Ina zuwa?" in ji Mamatkul.

"Wa zai zura tub ɗin?"

"Ni. Ko ka ɗauka kai ka ƙirƙiro taya? Sauka, dattijo. Jiya a kan rufin gidanka ma da ƙyar ka yi numfashi. In ka shiɗe mini a Karabel wa zan ɗauko, kai ko jikarka? Kuma a dawowa ina zan zaunar da su?"

Orozali ya saki ƙofar. Aka ɗaga hannu aka shafa, motar ta bi layi ta fita gari, sawunta siriri a kan farin titi.

Ya koma kwantena, domin tayoyin mutane ba su daina yin faci ba. Yana aiki da yatsa a naɗe, in ya ji ƙarar mota daga arewa sai ya ajiye liba ya fito bakin ƙofa. Burulkan takan kawo masa abinci ta zauna a kan benci har ya huce bai taɓa ba. Iska ta ɗage kwano ɗaya daga rufin gidansu, maƙwabci ya hau ya danne da duwatsu. Wani makiyayi da ya sauko a kan doki ya ce ya hangi motar Mamatkul ta wuce gada, amma a saman mashigin ƙanƙara ta kai cinyar mutum, kuma bai ga wata mota ba.

Dusar ta tsaya jiya da yamma. Har yanzu Mamatkul bai dawo ba, kuma babu wanda ya ji labarin Tinarbek da Nasipa da jaririyar.