Lallen da Bai Goge Ba a Hannun Yaya Rabi

Jajibirin Babbar Sallah ta 1989 muna zaune a tsakar gidanmu na Salaga ana sa mana lalle, sabuwar doya tana dahuwa a murhu. Da layi ya zo kan Yaya Rabi, babbar gidanmu, Kaka ta buɗe tafin hannunta ta kama dariya. Layukan tafin sun yi baƙi wuluk tun ba a shafa komai ba. "Ke lalle na sonki," in ji Kaka, "na ƙaramar Sallah ma bai goge ba." Ni da nawa ba ya sati, kishi ya hana ni cin abinci ranar.

Baƙin bai tsaya a tafi ba. Ya hau gaɓoɓin yatsunta da gwiwar hannu, tsohon tabon ƙunar da ta samu wajen suyar ƙosai ya koma kamar gawayi, dasashinta ma ya rine. Matan unguwa suka ce ai kyau ne, wata gwaggonmu daga Yendi har ta tambayi me take gogawa. Fuskarta da ta yi duhu kuwa, Mma, mahaifiyarmu, ta ɗora wa zafin ranar kasuwar Kpandai, inda suke zuwa sarin doya.

Sauran abubuwan mu yara muka mayar abin tsokana. In mun je rijiya ta sunkuya ta ɗago, sai jiri ya ɗebe ta, ta zauna a ƙasa, mu ce ragwanta ce. Ta rame har zani yana zame mata. Gishiri take ƙullewa a bakin mayafi tana lasa, muna bin ta muna kiranta akuya. Ba ta taɓa dukanmu ba, ba ta da ƙarfin hakan.

Bayan girbi aka kai ta gidan miji a Bawku. Can dangin miji suka ga lasar gishiri da amai, suka fara murnar ciki. Azumi ya zo cikin tsananin zafi, ita kuma amarya ce, kunya ba ta bari ta sha ba. Ta faɗi a bakin murhu tana dama kokon buɗa baki. Likitan da aka kai ta wurinsa ya duba tafinta da cikin bakinta, ya gaya wa Baba wasu ƙananan halittu ne a saman ƙoda suka daina aiki, kuma da an zo da wuri akwai ƙwayar da mutum zai riƙa sha ya rayu har tsufa. Ba ta ga Sallah ba.

Yau na girmi Yaya Rabi nesa ba kusa ba, har da jikoki. Yaran yanzu ciwon kai kaɗan sai asibiti, ina yi musu tsiya, amma ni ke fara ɗaukar mayafi. Har gobe ina kewarta. Duk gidan mun ga ciwonta ƙuru-ƙuru, muka yi ta yaba mata.