Igiyar Shanya Mai Giɓi Uku

Duk wanda ya san bayan tsohon asibitin ya san Baba mai wanki. Shekara arba'in yana durƙushe a bakin famfo, har tafin hannunsa ya koɗe kamar ba na jikinsa ba. Ko harafi ɗaya bai iya karantawa, amma bai taɓa miƙa wa majinyaci rigar wani ba. Dabararsa ɗaya ce. Yadda gadaje suke jere a ɗakin maza, haka yake jera kaya a igiya: na gado na farko kusa da turke, na biyu ya bi shi, har zuwa na goma sha biyu. Kuma yana taƙama da abin, taƙamar da ta ishi matarsa. Ko gaisuwa ka tsaya yi, sai ya yi maka bayanin igiya.

Da yaƙi ya zo, aka riƙa kawo masu rauni daga ɓangarorin biyu, masu koren kaki da masu ruwan ƙasa. Likitar asibitin, wata gajeriyar mata mai faɗan tsiya, ta sa aka tuɓe wa kowa kakinsa aka saka masa farar rigar asibiti.

"Wanda ya kwanta a gadon nan ba soja ba ne, majinyacina ne," in ji ta. "Baba, kwashe kakin nan ka ƙone."

Baba ya ce to. Amma mai wanki ya ƙona tufa? In sun warke, tsirara za su koma gida? Ya jiƙa, ya cuɗe jinin, ya shanya yadda ya saba.

Washegari da hantsi masu koren kaki suka kama garin. Hafsansu ya shiga ɗakin maza yana neman abokan gaba. Ya tarar da mutum goma sha biyu cikin fararen kaya, kowa ya kame bakinsa. Likita ta tsaya masa a gaba, ta ce duk nata ne. Ya zaga baya don ya sha taba, ya ga igiya.

"Sannu, tsoho. Wannan aiki da tsari yake. Yaya kake gane na kowa?"

Bakin da ya saba da taƙama bai jira hankali ba. Baba ya nuna turke, ya fara: na farko, na biyu. Sai da ya ga hafsan yana bin igiyar da yatsa, yana tsayawa a kan masu ruwan ƙasa, sannan ya gane abin da ya yi. Na uku, na huɗu, na tara.

Aka fito da su cikin fararen rigunan. Na taran a kan katifarsa aka ɗauko shi, don ba shi da ƙafa ɗaya. Shi ne jiya ya roƙi Baba ya bi aljihun rigarsa a hankali, wai matarsa ce ta ɗinke masa. Da aka zo wucewa da shi ya dubi igiya, ya dubi Baba. Ba a sake ganinsu ba.

Tun daga ranar, a asibiti ko a tsakar gidansa, Baba sai ya bar giɓi uku a igiya. Ya ce in rana ta take, yakan ga inuwar riga a ƙasa daidai inda babu riga. Rigunan kakin mutanen uku kuwa suna cikin akwatinsa. Duk mako sai ya wanke su, ya shanya a ɗaki, ya rufe ƙofa.

"Ni da raina ina jiran sabulu," in ji matarsa, "waɗanda ba sa yin datti sun cinye."

Bayan shekara talatin wata lauya ta yi sallama. Ta ce an gurfanar da hafsan a kotu, ya tsufa, ya ce shi bai taɓa taka asibitin ba. Likita ta rasu, takardu sun ƙone. Baba kaɗai ya rage, kuma ba yadda zai ba da shaida ba tare da ya faɗi wanda ya nuna turke ba.

"Baba, akwai dokar yaƙi da ƙasashe suka sa wa hannu," in ji lauya. "Ba a taɓa mai rauni."

"Kafin su sa hannu fa, 'yata, halal ne?"

Baba bai jira amsarta ba.

"Ni ban san an rubuta ba, amma na san ba a ɗaga marar ƙafa daga gado. Shi ma hafsan ya sani, shi ya sa yake musu. To wanda ya nuna hanya da surutunsa, wace doka ce tasa?"

"Babu dokar da ta kama ka, Baba."

"Ashe dokar taku gajeriya ce. Ni tawa ta kama ni tun tuni."

Matarsa ta leƙo daga ɗaki. "Malam, ka tashi ka je. Shekara talatin kana yi wa akwati bayani, akwati bai yanke hukunci ba."

Ya je kotu da igiyarsa da rigunan uku. Alƙali ya ɗaure fuska, amma ya bari aka ɗaura ta daga taga zuwa ƙofa. Baba ya ƙirga gurbi goma sha biyu, ya rataya riga a na uku, na huɗu da na tara, ya faɗi komai, har tambayar da aka yi masa da amsar da ya bayar. Hafsan ya ƙi ɗaga kai.

Lauya ta juya wuyan riga ɗaya, ta tsaya cak. Akwai rubutu da tawada. Baba bai san abin da aka rubuta ba, amma duk wankin nan bai taɓa barin sabulu ya hau wurin ba. Ta juya sauran biyun, ta karanta sunaye uku da ƙarfi. A bayan kotun wata tsohuwa ta miƙe, ta zo ta kama aljihun rigar ta tara, tana shafa ɗinkinta.

An ɗaure hafsan, rigunan sun tafi gidajen masu su. Baba ya dawo da igiyarsa kawai. Washegari matarsa ta shanya zaninta a giɓi na tara tana satar kallonsa. Ya daɗe yana duban ƙasa. Sannan ya matsar da zanin gefe, ya kira sunan mutumin a hankali, ya koma bakin famfo.